Ƙafar Ɗan Farin Adda

A unguwarmu ta Limawa, idan yaro ya tashi da ƙurji mai ido, ba a tsayawa shawarar inda za a kai shi. Gidan Zailani dillalin shanu ake nufa, a wuce zaure, a tsaya ƙofar ɗakin farko a hannun dama, a yi wa Adda sallama. Sunanta na yanka Hadiyya, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba. Ƙannenta ne suka fara ce mata Adda tun suna ruga, wato Yaya da Fulatanci, 'ya'yanta suka taso suka ji suka ɗauka, jikoki suka gada, mu ma da muka zo daga baya da furfurarmu muka bi sahu.

Ni 'yata Adawiyya ce ta haɗa ni da ita. Wata shekara ce da farkon damina, mangwaro na ƙarewa ƙuda na neman inda zai koma. Yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba, sai ga wasu ƙuraje jajaye sun fito mata a gadon baya da cinya, kowanne da ɗan rami a tsakiyarsa. Muka ce maruru ne, zai nuna ya fashe. Bai fashe ba, kuka kuwa sai abin da ya ƙaru. Uwarta Rakiya ta ce ita fa kamar tana ganin abu na motsi a ciki. Ni kuma, da yake maigida ba ya rasa bayani, na gaya mata a tsanake cewa rashin barci kan sa ido ya ga abin da babu. Wannan bayani nawa har yau yana ajiye a gidana, ana fito mini da shi duk ranar da na ɗaga murya.

Wata maƙwabciya ta ce a kai wa Adda. Muka same ta zaune kan tabarma tana tsintar wake, 'yar tsohuwa fara siririya, hannunta duk jijiya. Ta kwantar da yarinyar a cinyarta ta duba. Ba ta tambayi abin da aka ba ta ta ci ba, ba ta tambayi wanda ya yi mata mugun kallo ba. Tambaya ɗaya ta yi: a ina ake shanya kayanta? Rakiya ta ce igiya ce ta tsinke, maigida ya ce zai sayo wata, to kafin ya sayo ɗin tana baza su kan yashi a bayan ɗaki, gindin darbejiya. Adda ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai. Ban taɓa shan faɗa mai tsawo haka ba tare da an buɗe baki ba.

Ta jawo wani ɗan ƙoƙo na man shanu, ta lakato, ta toshe bakin kowane ƙurji da kauri, ta ce a jira. Muna zaune tana yi wa yarinyar wasa da ludayi, can sai ga wani ɗan farin kai ya ɓullo ta cikin man yana neman iska. Ta sa manyan yatsunta biyu ta gefe da gefe ta matsa a hankali, sai ga tsutsa fara sol, kamar jiƙaƙƙen wake, ta faɗo kan ganye. A daidai nan na tuna ban kulle babur ɗina ba, na fita duba shi. Na daɗe ina dubawa.

Da na dawo an gama, an wanke wuraren da ruwan ɗumi da sabulu, yarinya har ta yi barci. Adda ta yi mana bayani cewa akwai wani ƙuda da ke bin tufa mai danshi da aka baza a ƙasa, ko yashin inuwa inda yara ke fitsari, ya zuba ƙwansa. Tufar na taɓa fata, abin da ya ƙyanƙyashe sai ya shige ciki ya yi ɗaki. Maganinsa igiya, da rana mai zafi, da dutsen guga.

"Kaɗo," ta ce da ni, don tun ranar ta raɗa mini wannan suna da Fulani ke kiran Bahaushe, "rigarka na shan guga har tana yankan hannu. Ta 'yar ma a riƙa goga mata, ita ma mutum ce."

Daga ranar na zama mai kai mata goro, daga kai goro kuma na zama mai zama jin hira. A nan na ga irin abin da ake kawo mata. Akwai uwar da takan shigo a firgice da fo a hannu, wai yaro ya yi kashi da tsutsa mai motsi. Adda sai ta tambaya ko fon ya daɗe a buɗe, don sau da yawa ƙuda ne ya riga uwar zuwa. In ba haka ba ne, ta tambayi wane ruɓaɓɓen mangwaro aka tsinta gindin bishiya, ko wane kwano ya kwana ba murfi. In yaron na zazzaɓi ko ciwon ciki, ba ta ko taɓa ƙoƙon manta, asibiti take korar su. Takan ce ita ƙofa ce, ba ɗaki ba.

An haifi Adda a wata ruga gabas da Dutse, ta hanyar Kiyawa, zamanin da ba a rubuta ranar haihuwa. In ka tambaye ta shekarunta sai ta ce ta girmi kwalta, ka je ka tambayi kwalta. Ita ce babba a ɗakinsu, maza ba su zo da wuri ba, saboda haka ita mahaifinta ya bar wa maruƙa. A wurinsu ta yi karatunta. Cibiyar sabon maraƙi, in ji ta, ita ce abin da koren ƙuda ya fi so a duniya. In ka yi sake sai ka tarar ta cika da tsutsa, maraƙi ya daina tsotso. Ta koyi gane abin tun daga nesa, daga yadda dabba ke tsayuwa, da wari, da inda ƙuda ya nace. Takan ce mutum na iya ɓoye ciwo, saniya ma na iyawa, amma ƙuda bai iya rufin asiri ba.

Da ta tasa ta ɗauki ƙwaryar nono tana kawowa cikin gari. Lokacin Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba. Inda ake kira Takur yanzu, da manyan gidaje da dogayen katangu, ta ce a nan take sauke ƙwarya ta huta gindin dabino, ba ka jin komai sai kukan kurciya. A wannan yawon tallan ne matan gari suka fara miƙo mata 'ya'yansu, tunda ga man shanu a hannu, ga ido mai gani. Ta auri ɗan kawunta, wanda ta ce ba shi da aibu sai son shanu fiye da mutane, shi ma bai ɗauke shi aibu ba. Allah ya ba su ɗa namiji a haihuwar fari. Shi ne Zailani.

To a nan labarin yake. Mu Hausawa ma muna yi wa ɗan fari alkunya, amma tamu wasa ce in aka gwada da ta mutanen Adda. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san yana wurin. Ko shayarwa sai ta kawar da kai, kamar wani ne ya ajiye mata shi ya tafi. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Adda ta haifi wasu bayansa, ta goya su, ta yi musu rawa a cinya, amma shi ko wani ne ya zo da irin sunansa sai ta ce "mai sunan wancan".

Shekaru suka tafi, burtali ya ƙuntata, gonaki suka cinye makiyaya, shanu suka ragu, mijinta ya rasu. Zailani, wanda ya riga ya shigo gari ya zama dillali a karar Shuwarin, wato kasuwar shanu, ya gina gida a Limawa. Bai ce mata ta zo ba. Ƙanwarsa ya aika ta gaya mata akwai wani ɗaki da ba kowa a ciki. Ita ma ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ɗaure ƙoranta.

Suka zauna gida ɗaya, uwa da ɗa, ba mai yi wa wani magana kai tsaye. Gaisuwar safe ce kawai: ya durƙusa daga bakin ƙofa kansa a ƙasa, ta amsa tana kallon bango. Sauran zance kuwa ta hannun wata jar akuya da ke ɗaure a tsakar gida yake bi. In hadari ya haɗu, sai ka ji Adda ta dubi akuyar ta ce a gaya wa masu zuwa kasuwa su ɗauki lema. In ya sayo mata tsire, sai ya ajiye kan turmi ya shaida wa akuyar cewa ga wani abu nan ko akwai mai so. Na sha cewa da a gwamnati akuyar nan take aiki, da tuni ta kai darakta. Matarsa Munira 'yar cikin gari ce daga Yalwawa, farkon zuwanta ta zaci gaba suke yi, har ta je wurin Rakiya neman shawarar yadda za ta shirya su. Sai da ta lura duk ranar da aka kawo kindirmo daga ruga, mai kaurin ciki a kwanon Zailani yake ƙarewa, ba a kuma taɓa kama wanda ya zuba ba, sannan ta bar zancen sulhu.

Haka aka yi ta tafiya. Da wuya ka sami yaron Limawa da bai taɓa hawa cinyar Adda ba, sai wanda ta fara haifa.

Zailani abokina ne na majalisar ƙofar masallaci. Dogo ne siriri, ya ba hamsin baya, da sanda a kafaɗa ko ɗaurin aure za shi. Fulako, kunya da dauriyar nan ta Fulani, ya gada ta uwa ta uba. Bai taɓa cewa yana jin yunwa ba. In ka yi masa tayi ya ƙoshi, ko da cikinsa na amsa maka da kansa. Bai taɓa cewa wani wuri na yi masa ciwo ba. Da likita ya ce yana da ciwon sukari, ya karɓi magani ya yi godiya, yana sha ranar da ya tuna, don a ganinsa ciwon da bai kwantar da mutum ba, ba ciwo ba ne, ra'ayin likita ne.

Daminar bara ana lodin shanu a tirela, wani bijimi ya taka masa ƙafar hagu, kofato ya tsaga wajen 'yan yatsu. Duk wannan daga baya muka ji. Ƙafar mai sukari ba ta cika kawo ƙara ba, saboda haka zafin bai kai ya dame shi ba. Ya yi wa kansa abin da ya saba yi wa dabba: ya sayi shuɗin maganin nan da ake fesa wa shanu a miki, ya fesa, ya ɗaure da tsumma, ya koma cikin caɓi da kashin shanu yana ciniki. Da rana in kasuwa ta lafa, sai ya kwance tsumman gindin bishiya wai miki ya sha iska, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Wanda ya san kara da damina ya san su wa ke zuwa gaisuwa a irin wannan lokaci.

Mu a majalisa abin da muka fara gani safa ce. Mutumin da tun da muka san shi da takalmin roba yake yawo, ƙafa a waje, sai ga shi da baƙar safa da sau-ciki. Wajen alwala kuma ya daina wanke ƙafa, sai ya shafa a kan safa. Muka ce lallai Zailani ya canza malami, a ba shi wuri a sahun gaba. Bayan safa sai turare, mai ƙarfin da ke riga shi isowa majalisa ya kama masa wuri. Muka ce to ashe ba malanta ba ce, takarar kansila ce. Yana murmushi yana cewa Haɓe ba su da aiki sai sa ido. Ashe ko sa idon ba mu iya ba, don ba wanda ya dubi yadda mutumin ke taka ƙasa.

Wata Asabar da hantsi ina tsakar gida ina fama da rediyona, na ji sallamar da ban taɓa ji a gidana ba. Adda ce da mayafinta, ita da ba ta zuwa gidan kowa sai barka ko ta'aziyya. Rakiya ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Ta gaishe mu, ta tambayi Adawiyya da makaranta, ta tambayi yabanya, har na fara zaton zumunci ne kawai. Sannan ta dubi ƙofa ta ce:

"Kaɗo, abokin nan naka da kuke zama, akwai tsutsa a ƙafarsa ta hagu. Ta kwana biyu."

Na ce ya nuna mata ne? Ta yi mini irin kallon ranar igiya. Ta ce takalma biyu yake cirewa a ƙofar ɗaki, amma koren ƙuda na hagu kaɗai yake bi. Kuma a ƙarƙashin turaren nan akwai wani wari da ta sani tun tana yarinya. Na ce to ai abin gida ya zo, ga mai magani a ɗakin farko, me ya hana ta duba? Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, har na ji kunyar tambayata. Can ta ce ko da ɗan wani ne, wannan ba aikin man shanu ba ne. Tsutsar ƙurjin yara guda ce a ɗakinta, ba ta wuce fata, in ta ƙoshi ma fita take yi. Ta miki kuwa taro suke zuwa, ciki suke nufa, ga shi mutumin jininsa da zaƙi. A kai shi asibiti, ta ce, yau ba gobe ba.

Bayan azahar na ja shi cikin zaurensa. Na fara da wasa, ya biye mini. Na daina wasa, ya ce ɗan targaɗe ne. Na ce to ba zan bar zauren ba sai na ga targaɗen, kuma ya san ni da cin tuwo, Munira ce za ta wahala. Ya daɗe yana kallon waje kafin ya sunkuya ya zare safar. Ba zan ɓata wa kowa abincinsa ba. Abin da zan ce, ƙafar ta kumbura, ta yi shuɗi inda magani ya taɓa, ta yi baƙi inda bai taɓa ba, a cikin tsagar kuma akwai masu motsi da suka wuce a ƙirga. Wannan karon ban tuna da babur ba.

Na ce ya tashi mu tafi. Ya mayar da safarsa a natse ya ce ba za shi ba. Ya san wani abokin sana'arsa mai sukari da aka kai asibiti da miki, aka dawo da shi da ƙafa ɗaya. Yanzu yana zaune ƙofar gida ana miƙo masa buta. Dillalin da ba zai iya zagaya saniya ya taɓa ƙirjinta ba, in ji shi, ba dillali ba ne. Da ƙafa biyu ya zo duniya, da su yake so a mayar da shi. Tsutsa kuwa ya sha cire ta a jikin shanu, zai ƙara feshi.

Na ce masa wancan abokin nasa jinkiri ne ya cinye masa ƙafa, ba asibiti ba. Ya ce Allah ya saka da alheri. Duk wanda ya zauna da Bafulatani ya san in ya ce maka Allah ya saka da alheri da wannan murya, kasuwa ta tashi.

Muka taru a kansa. Munira, wadda sai a ranar ta gane dalilin da ya sa ya koma kwana a zaure wai ɗaki ya yi zafi, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Liman ya zo ya karanto masa cewa neman magani ba ya karya tawakkali. Ƙaninsa Hussaini ya zo daga ruga ya yi masa magana da yarensu. Kowa ya karɓi nasa Allah ya saka da alherin ya koma gefe. Ana cikin haka zazzaɓi ya rufe shi, kumburin ya haura idon sawu. Mu duka mun san abin da ake ciki: yanzu ba zancen 'yan yatsu ake ba, ƙafar ce, in an ƙara jinkiri kuma mai ƙafar.

Duk wannan Adda na ɗakinta. An dai lura ta daina cin abinci, akuya ma ta kwana biyu ba a aike ta ba.

A rana ta uku bayan la'asar ne abin ya faru. An fito da shi tsakar gida kan tabarma ya sha iska, ya jingina da bango, idonsa jawur. Ni da Hussaini muna gefe mun ƙare dabara, Munira na bakin murhu tana fifita wutar da ba a ɗora mata komai ba. Sai labulen ɗakin farko ya motsa. Adda ta fito fuskarta a buɗe, ta ratsa tsakar gida, ta wuce akuya ko kallonta ba ta yi ba, ta zauna a ƙasa gaban ɗanta. Ta sa hannu biyu ta ɗauki ƙafar ta ɗora a cinyarta, yadda take ɗora 'ya'yan unguwa. Ya yi yunƙurin janyewa, ta riƙe. Ta warware tsumman a hankali, ta duba sosai, ta kore ƙuda da gefen zanenta. Sannan ta ɗaga kai ta dube shi cikin ido.

"Zailani," ta ce.

Suna ne da nake ji kullum, a kara, a masallaci, a bakin manya da yara. Amma a bakinta ya fito sabo fil, kamar yanzu liman ya raɗa shi. Mafici ya faɗi daga hannun Munira. Shi kuwa, mutumin da bijimi ya taka bai ce uffan ba, sai ga shi ya sakar mata ƙafar.

Sauran maganar da Fulatanci ta yi ta, gajeriya ce, Hussaini ne ya fassara mini daga baya.

"Rabona da taɓa ƙafar nan tun kana goye. Kakarka na bar wa, duniya na bar wa, ban taɓa cewa komai ba. Amma ban bar wa ƙuda ba. Tashi."

Ya sunkuyar da kai. Ba gardama, ba Allah ya saka da alheri. Bai ko ɗago ba ya ce da ni in nemo mai adaidaita sahu.

A asibiti muka faɗa hannun wani ma'aikacin jinya, Malam Sharhabilu, mutum mai sanyin hannu da tsokana. Ya dubi shuɗin ƙafar ya tambaya ko majinyacin na cin dusa, don ya san ɗakin da zai kwantar da shi. Ya zauna da hantsaki da ruwan wanke ciwo ya yi ta zaro su ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a kwano, washegari ya koma ya zaro waɗanda suka ɓuya. Aka sa ƙarin ruwa, aka yi ta allura, aka kama sukarin aka zaunar da shi. Likita ta zo ta duba, ta ce ba za ta yi alkawari ba sai ta ga abin da kumburin zai yi. Ta ce wata tsutsar mataccen nama kaɗai take ci, wata kuwa ba ta tambaya, kuma ba a zama a jira a ga wace iri ce baƙuwar mutum. Kwanakin nan tuwo bai yi wa kowa daɗi ba.

Adda ta tare a barandar ɗakin maza, bakin taga daidai gadonsa, ta ba shi baya. Tana riƙe da faifai, duk ƙudan da ya doshi tagar nan ya gamu da ita. Aka ce ta shiga ta gan shi lokacin ziyara, ta ce ita iska take sha. Malam Sharhabilu da ya ji ita ce mai man shanun Limawa yakan tsaya su taɓa hira, shi yana tambayarta ruga, ita tana tambayarsa inda ake sayar da irin hantsakinsa.

Allah da ikonsa kumburin ya sauka. Aka shiga da shi tiyata aka cire ƙaramin yatsa da na kusa da shi, waɗanda suka riga suka mutu, aka bar masa ƙafarsa. Da likita ta fito ta faɗa, Munira ta yi sujada a nan barandar, ni kuma na rasa abin yi na kama hannun wani mutum da ban sani ba ina ta girgizawa. Na juya wurin Adda in yi mata albishir. Ta riga ta ji. Ta ce Alhamdu lillahi, ta ci gaba da kaɗa faifai, sai dai na ga faifan ya koma wajen fuskarta, ya daɗe a can.

Da ya farfaɗo na zauna gefen gadonsa. Ya yi ta kallon tagar nan da ƙeyar tsohuwa a ciki, can ya ce a hankali, ashe ta san sunan. Na ce ai tana gidan aka raɗa. Ya ce da ya san yatsu biyu ne kawai abin da zai bayar ya ji, da ya bari bijimi ya taka shi tun yana saurayi.

Yanzu Zailani ya koma kara. Yana ɗan ɗingisawa, da takalmi mai rufi yadda likita ta ce, yana shan maganinsa kan lokaci don Munira ta karɓi wannan ofis. A ƙofar masallaci yakan zare safa ya wanke ƙafafunsa biyu gaban kowa, mu kuwa mun ce ya koma wa tsohon malaminsa. Ni dai duk lokacin da na ga Adawiyya ta fito makaranta da gogaggun kaya, ko na hango dogon nan yana tahowa majalisa da sanda a kafaɗa, sai in ji nauyin tsohuwar nan a wuyana, irin wanda goro ba ya saukewa. Ina dai kai goron.

Ranar nan na kai da safe, na same ta tana toshe wa wani jariri ƙurji a ƙeya. Na zauna har ta gama ban fita duba babur ba, abin da ta lura da shi ta kuma yaba. Na ce mata tsufa ya fara kama ni, sunan abokin nan nawa ya shige mini, ko za ta tuna mini?

"Kaɗo," ta ce, "limamin da ya raɗa ya rasu, amma 'ya'yansa na nan. Je ka tambaye su."

Muna cikin haka sai ga shi ya fito za shi kasuwa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ya miƙe ya nufi zaure, tana bin sawunsa da kunne, taku mai nauyi da taku mai sauƙi. Sai ta juya wajen jar akuya ta ce a gaya wa masu zuwa kara an yi ruwa jiya, kada a cire takalmi gindin bishiya.

Zailani ya tsaya a bakin zaure bai waiwayo ba. Ya ce wa akuyar ta ce an ji.